Zuwa ga Uwani, Kafin Ki Shiga Ajinki

Sandamu,
ƙasar Daura.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Mai'adua lafiya, kin tarar da gwaggonki Asabe da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da abokan aiki na kirki, ya raba ki da sharrin baki da na ido.

Ni na ce wa innarki ta cusa takardar nan a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin yi nisa. Kin san halina, akwai maganar da ba na iya yi ido da ido. Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun ɗan yaƙi da jahilci ne, ya fi sabawa da igiyar shanu a kan alƙalami. Kwana huɗu na yi ina fama da ita bayan sallar la'asar. Na san yanzu ke malama ce, amma kada ki ɗauko jan biro ki bi ni da shi.

Ba zan ba ki labarin gida ba, yanzu kika bar shi. Ba kuma zan koya miki aikinki ba. Shekara biyar kika yi a kwalejin malamai mata, ni kuwa wata shida na yi a gindin tsamiya ina haɗa baƙi da wasali. Amma za a danƙa miki 'ya'yan mutane. Tun da gwamnati ta buɗe makarantu ko'ina ta ce kowa ya kai ɗansa kyauta, azuzuwa sun cika har bakin ƙofa, kuma da yawa daga cikin iyayen ba da son ransu suka kai ba. Abu kaɗan zai sa a janye yaro a mayar da shi gona, a janye yarinya a ɗora mata talla. Ko su zauna ko su gudu, rabin abin yana hannunki. Ni kuwa na fi shekara ashirin ina koya wa masu rai aiki, shanu da 'ya'ya, kuma na ɓata kafin in gyara. Gara in gaya miki wuraren da na faɗi.

Lokacin da malaman gona suka kawo garmar shanu garin nan, ba a haife ki ba, yayanki ma yana goye. Ina cikin waɗanda suka fara karɓa. Na sayar da tumakina na sayo bijimai biyu, baƙi da ja. Baƙin mai sanyin hali ne. Jan kuwa, wanda na sa wa suna Jatau, ban taɓa ganin sa mai ƙarfi da wayo irinsa ba. Ran da na shigo da shi gari, sai da mutane suka fito kallo.

Ni a lokacin abu ɗaya na sani game da horo: bulala. In Jatau ya kauce daga layin huɗa, in zuba masa. In ya tsaya, in zuba masa. In ya yi daidai kuwa, sai in yi shiru, don a ganina ai abin da ya kamata ya yi ke nan. Da yamma in an koma turke sai in ba su dusa da kanwa, shi da baƙin, kowa daidai da ɗan'uwansa. Kafin wata guda, Jatau in ya hango ni ɗauke da karkiya sai jikinsa ya kama rawa. Daga nan ya fara kwanciya a tsakiyar gona. Ran nan na ɗaga bulala, ban ma sauke ba, ya zabura ya karya karkiya, ya ja garma a guje, bakin garmar ya sare shi a ƙafar baya. Jijiyar ta tsinke. Mahauta na kira. Ina tsaye aka ja shi yana ɗingishi, yana waiwayena, kuma har a lokacin ina cewa a raina taurin kansa ne ya ja masa.

Da kaka ta yi, wani dattijon Bafillace daga wajen Dutsi, Malam Buba, ya sauka da garkensa a gonarmu don taki. Na sayo wani sa a madadin Jatau, ina horar da shi yadda na saba. Malam Buba ya jingina da sandarsa yana kallona, har ya gaji ya ce, "Ilu, me kake koya masa?"

Na ce, "Bin layi, Baffa."

Ya ce, "A'a. Kana koya masa cewa duk inda kake akwai zafi. Ya kuwa kusa haddacewa."

Na ji haushi. Na ce, "Ai ba duka kaɗai nake yi ba, ina ba shi dusa."

"Yaushe?"

"Da yamma."

"To da yamma me yake yi? Tsayuwa a turke. Ladan tsayuwa a turke kake ba shi. Ina zai san don huɗar safe ce?"

Ya ce in kawo dusa. Ya cuɗa ta da 'yar kanwa, ya zuba a aljihun rigarsa, ya karɓi igiya. San ya yi taku uku a miƙe, sai ya tsayar da shi, ya miƙa masa tafin hannu ya lasa, ya shafa masa tozo yana yi masa magana a hankali da Fillanci. Da san ya kauce, bai doke shi ba, bai kuma ba shi komai ba. Ya dai tsaya, ya dawo da shi kan layi, aka sake. Taku uku ya zama biyar, biyar ya zama goma. A rana ta shida san nan ya kai ƙarshen gona ya juyo da kansa. Kafin su tashi, Malam Buba ya ce mini, "In ya iya, ka riƙa rage dusar, yau a ba shi, gobe a hana, har ya daina jira. Amma muryar kada ka rage ta."

Duk shanun da kika ga ana kawo mini daga Dutsi da Zango da ƙauyukan Daura in hora, da wannan karatun na hore su. Sunan da ake kirana da shi, Ilu Mai Garma, daga aljihun rigar dattijon nan ya fito.

Ban ce 'ya'yan mutane shanu ne ba, Allah ya kiyaye. Amma na ga yadda ake yi a makarantun nan. Yaro ya yi daidai sau tara ba wanda ya ce masa uffan, ya yi kuskure sau ɗaya a kwantar da shi. Sai ƙarshen shekara a kira mutum uku a ba su sabulu da littafi, sauran su tafa. Uwani, kada ki jira ƙarshen shekara. In yaro ya yi taku uku daidai, ki gaya masa nan take, tun allon yana hannunsa, kuma ki faɗi ainihin abin da ya yi daidai, don ya san abin da zai maimaita. Kada ki jira sai ya kai ƙarshen gona kafin ki buɗe baki, wani ba zai taɓa kaiwa ba in ba a tare shi a hanya ba. Bulala kuwa, na san za a ba ki ita tare da alli. Ba zan ce miki yaro ba ya buƙatar tsawa ba. Amma duk ran da kika ɗaga ta, ki tambayi kanki abin da Malam Buba ya tambaye ni.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo, don a kan mutum na yi shi, kuma da kyakkyawar niyya.

Da na ga abin da dusa ta yi, sai na ɗauka na gano sirrin duniya. Yayanki ya shiga elementare kina rarrafe, ba za ki tuna ba. Yaron nan, Allah ya sani, ba wanda ya taɓa ce masa ya yi karatu. Shi da kansa yake bin rubutu duk inda ya gan shi. Ya karanta na jikin kwalin ashana, ya karanta na garwar kananzir, in babbar mota ta tsaya a bakin kasuwa sai ya zagaya ta yana haɗa baƙaƙen da ke jikinta. Innarki tana daka, yana zaune a gefen turmi yana karanta mata littafinsa da ƙarfi, ita da ba ta san ko alif na boko ba tana cewa, "To, sai me ya faru?"

Ni kuma, mai wayo, na ce bari in ƙara masa wuta. Na sayo dabino wajen Buzaye, na ɓoye a cikin tukunya. Na ce masa, "Duk shafin da ka karanta mini, dabino ɗaya." Makon farko kamar in yi rawa. Yana dawowa daga makaranta zai zo ya durƙusa da littafi. Amma a hankali sai na ga ya fara zaɓen shafin da hoto ya cinye rabinsa. Sai ya fara gudu a kan karatun, in na tambaye shi me labarin ya ce, bai sani ba. Ya daina karanta wa innarki, don ita ba ta da tukunya. Ran nan ya dube ni ya ce, "Baba, wannan shafin dogo ne, na biyu ne." Wallahi dariya na yi, har na ba abokaina labari a majalisa, ina cewa yaron nan zai yi kasuwanci.

A ranin shekarar na bi fatake muka kai shanu kudu, na yi wata huɗu. Da na dawo na tambayi littafi, sai aka zaro shi daga ƙarƙashin rumbu, gara ta ci bayansa. Na ce, "Kai, ina karatun?"

Ya ce, "Ai ba mai ba ni dabino."

Maimakon in gane, sai na ƙara farashi. Na yi alkawarin riga. Na yi alkawarin ƙwallo. Har keke na ambata. Kullum abin da nake bayarwa yana girma, karatun yana ƙanƙancewa. Da na ga haka na koma gidan jiya, na ɗauko bulala. Bai gama firamare ba ya gudu Mai'adua wajen wani mai gyaran keke. Mun yi shekaru gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Kin san yadda Allah ya yi da shi. Tun da kuɗi suka shigo ƙasa babura suka cika hanyoyi, ba a yi makanikin da ya kai shi ba daga nan har bakin iyaka. Bara na je rumfarsa na zauna a kan benci. Aka kawo wani babur da ya gagari mutum uku. Ya kwance shi ɗaiɗai, ya ƙi cin abinci, tun hantsi har la'asar. Har da wata takardar Turanci mai zanen inji ya buɗe yana bi da yatsa, shi da na ce ba ya son karatu. Da ya taka, inji ya tashi, sai na ga fuskarsa ta koma irin ta yaron da ke zagaya babbar mota a bakin kasuwa. Na ce masa, "Wa ya riƙa ba ka dabino ka koyi wannan?"

Ya yi dariya, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Baba, in inji ya tashi, ai shi ne dabinon."

Na dawo gida ina ta juya maganar. Sa ba ya son karkiya, shi ya sa yake buƙatar dusa kafin ya saba. Yayanki kuwa yana son karatu tun kafin in sa baki. Ni na shiga tsakaninsa da abin da yake so, na mayar masa da shi ƙodago. Don haka ki lura da yaranki ɗaya bayan ɗaya. Wanda abin ya yi wa nauyi, ki tallafa masa da yabo da 'yar kyauta har ya ɗanɗana daɗinsa, sa'an nan ki janye hannu a hankali. Wanda kuwa kika ga ya riga ya kamu da so, kada ki saye shi. Ki ba shi wani littafin. Ki zauna ki saurare shi. Ki ce masa, "To, sai me ya faru?" Innarki ta fi ni sanin wannan, ba ta kuwa taɓa shiga aji ba.

Ke ma kanki ki yi hattara. Kin ga lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan, kowa ya sayi rediyo da agogo da babur. Mai zuwa aiki da asuba da mai zuwa da hantsi, duk abu ɗaya aka ba su. Ban ce kada a ba ma'aikaci haƙƙinsa ba, ki karɓi naki ki ci halalinki. Amma albashinki zai zo ƙarshen wata ko yaran sun iya ko ba su iya ba, kuma za ki tarar da waɗanda suka gane haka suka miƙe ƙafa a gindin bishiya. In albashi kaɗai kike jira, shekara biyu ta isa ki zama irinsu. Ki nemi naki injin da zai riƙa tashi.

Yanzu saura naki, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami.

Bayan abin da ya faru da yayanki, na rantse ba zan ƙara ba ɗa lada a kan karatu ba. Sai na wuce gona da iri, na haɗa har da yabo na kulle. Ga kuma kunya irin tamu. Sunan mahaifiyata gare ki, ko kiran sunan ba na iya yi, balle in zauna ina yabonki a gaban mutane. Ban da haka, a shekarun nan rigimar yayanki ta cinye mini hankali. Kullum shi ake nema, shi ake yi wa faɗa, shi ake lallashi. Ke da ba ki da rigima, ba wanda ya waiwaye ki. A gidana mai ɓarna shi ake kula da shi, mai gyara kuwa ko kallo bai samu ba. Ikon Allah ne kawai ya sa ba ki koyi ɓarna ba don a dube ki.

Ina tuna ranar da kika zo ta ɗaya a aji huɗu. Ina zaure ina gyaran igiya, kika shigo da gudu, kika durƙusa kika miƙo takardar jarrabawa da hannu biyu. Na karanta, na gane sarai abin da ke ciki. Zuciyata kamar ta fito. Amma abin da bakina ya ce shi ne, "To. Kai wa innarki ta ajiye." Kika ɗan tsaya kina jira ko da saura. Na ci gaba da igiyata. Kika tashi a hankali kika shiga gida. Haka muka yi a aji biyar, da shida, da bakwai, sai dai kin daina shigowa da gudu. Da kika ci jarrabawar kwaleji, mutane suka yi ta zuwa suna cewa in cire ki, karatun 'ya mace ya isa haka. Na ce musu a'a, na tsaya a kan a'a ɗin nan har wasu suka daina gaishe ni. Amma ke ban taɓa gaya miki dalilin da ya sa na tsaya ba.

Sai shekarar fari ta zo, kina aji biyu a kwaleji. Kin ga abin da ya faru da idonki. Rijiyoyi suka ƙafe, mutanen arewa suka yi ta gangarowa da ragowar dabbobinsu, shanu suna faɗuwa a hanya. Cikin shanuna tara, huɗu suka rage, su ma ƙashi da fata. Kin zo hutu, saura kwana biyar ki koma, innarki ta same ni a turke ta ce, "Malam, yarinyar nan ta ce ba za ta koma ba."

Na ce, "Saboda me? An yi mata wani abu a can?"

Ta ce, "Ba a can ba ne, a nan ne. Cewa ta yi, ko ta zo ta ɗaya ko ta zo ta ƙarshe, duk ɗaya ne a gidan nan. Gara ta zauna ta taya ni ɗiban ruwa, wannan ko ba komai ana ganinsa." Sa'an nan ta dubi san da nake shafawa, ta ce, "Wannan in ya yi daidai kana gaya masa. 'Yarka fa?"

Kwana biyu ina neman yadda zan fara yi miki magana, na rasa.

A rana ta uku ne na dawo daga kasuwa da gwangwanin magani. Mai sayarwa ya rantse mini maganin tsutsar ciki ne, sabon shigowa, in an ɗura wa sa sai ya murmure. Maƙwabta suka ji, kuma da yake ni ake bi a harkar shanu, mutum biyar suka jawo nasu ƙofar gidana. Shanu goma sha ɗaya, su ne duk abin da ya rage wa unguwarmu na huɗar damina mai zuwa. Na aika a kawo ruwa a dama, ke kika kawo. Kin ajiye tulu za ki juya, sai idonki ya faɗa kan gwangwanin. Na ga kin tsaya. Na riga na cika kwalba, an riƙe mini kan san farko.

Kika ce, "Baba, kada a ba su."

Ban taɓa jin kin yi magana a gaban maza ba sai ran nan. Na ce, "Ke, shiga gida."

Ba ki shiga ba. Kika ɗauki gwangwanin, kika karanta Turancin da ƙarfi, sa'an nan kika fassara. Kika ce, "Maganin kaska ne. Wanka ake yi musu da shi, a cikin ruwa mai yawa. An rubuta guba ne, in dabba ta sha mutuwa za ta yi. Ga shi nan, har sau biyu aka rubuta."

Wani daga cikin mutanen ya ce, "Malam Ilu, yanzu yarinya ce za ta koya maka shanu?" Na ji maganar har cikin ƙashina. Kwalba tana hannuna. Na dube ki, idonki ya cika da hawaye amma ba ki sunkuyar da kai ba. Na ce a saki san. Na ɗaure gwangwanin a bayan keke, na taka har Daura wajen malamin dabbobi. Yana gani ya dafe kai ya ce, "Ka ba su?" Na ce a'a. Ya ce, "Da ka ba su, da kafin magariba ba ka da ko ɗaya. Wa ya hana ka?" Na ce, "'Yata." Wannan ne karo na farko da na ji daɗin kalmar nan a bakina a gaban baƙo.

Da na dawo mutanen suna nan zaune suna jira. Na gaya musu abin da aka ce. Na sa aka kira ki. Duk hanya na shirya magana mai tsawo, amma da kika durƙusa sai ta gudu, abin da ya fito kawai shi ne, "Uwani, karatunki ya yi rana. Allah ya yi miki albarka." Mutanen suka ce amin, har da wanda ya yi maganar. Kika rufe fuska da mayafi kika shige. Washegari na ga kin shanya kayan makarantarki a kan igiya.

Kalma tara ko goma, Uwani. Abin da kika yi shekara da shekaru kina jira ke nan, ni kuwa na riƙe su kamar za su ƙare. Da gwangwanin nan bai zo ba, da na yi asarar malama saboda nauyin baki. Don haka in kin shiga aji, masu surutu da masu tsokana za su nemi idonki, kuma za su samu, don ba yadda za ki yi. Amma kowace rana ki nemi wanda ya yi shiru a lungu yana aikinsa, ki kira sunansa, ki nuna masa kin gani. Kuma duk lokacin da hali ya yi, ki bar yaro ya ga karatunsa ya yi wa wani amfani. Ya karanta wa kakarsa wasiƙa, ya duba wa ubansa rubutun buhun taki. Ban san ladan da ya kai wannan ba.

Akwai abu ɗaya da ba ki sani ba, na kuma hana a gaya miki. Lokacin da aka turo ki gwajin koyarwa a makarantar garin nan, ran wata Talata na ce wa innarki zan je Daura. Ban je ba. Na jingine kekena a gindin darbejiya, na zagaya bayan ajinku na tsaya a gefen taga.

Kina koya musu rubuta harafin b. Akwai wata 'yar ƙaramar yarinya a layin baya, ta kife allonta a cinya ta ƙi nunawa. Kika je kika tsuguna a gabanta, kika ce, "Talatu, mu gani." Ta juyo shi tana shirin kuka. Ta rubuta shi a juye, cikin yana kallon hagu. Na ce a raina, yau zan ga abin da aka koya mata a kwaleji. Sai na ji kin ce, "Kai! Wa ya koya miki jan sanda a miƙe haka? Sandar nan ta fi tawa miƙewa. Cikin ne kawai ya ba mu baya. Juyo mana shi ya kalli ƙofa." Ta goge da yatsa, ta sake. Kika ɗaga allon sama kika ce, "Ku dubi b ɗin Talatu." Ba alewa, ba kwabo, ba bulala. Da aka kaɗa ƙararrawar tara yara suka fita a guje, yarinyar nan ba ta tashi ba. Tana zaune, harshe a waje, tana cika allonta da b.

Ban san lokacin da na bar wurin ba. Sai da na iso ƙofar gida innarki ta ce, "Malam, ina keken?" A ƙasa na dawo. Da la'asar na koma ɗauka, na tarar hedimasta ya shigar da shi ofis. Ya ce, "Malam Ilu, ai mun gan ka a bayan taga. Da ka shigo mun ba ka kujera." Na ce masa ya rufa mini asiri.

Abin da na yi shekara ashirin ina koyo, da asarar sa, da ɓacin ran ɗa, da hawayenki, na ga kin yi shi a tsugune cikin minti biyu. Saboda haka duk nasihar da ke cikin takardar nan, na san kin riga ni saninta. Na rubuta ne don in sami hanyar da zan bi in iso nan: kin fitar da ni kunya, Uwani. Tun ranar da kika shigo zaure da gudu a aji huɗu nake alfahari da ke, kowace shekara, ban faɗa ba ne kawai. Ki yafe mini shirun. Ni ban riƙe ki da komai ba, duniya da lahira.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki bi gwaggonki kamar yadda kike bin innarki. Ki riƙa leƙa yayanki a rumfarsa, ki ce ina gaishe shi.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya sa yaran da za su zauna a gabanki su zama masu amfani, ya sa ki ga amfaninsu da idonki. Allah ya kai ki lafiya duk inda aiki ya kai ki, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Ilu Mai Garma.